Bayan Biki, Ina Yaron Ya Ke?

Karatu: Luka 2:41-52

Kirsimati ya wuce, daren shiga sabuwar shekara ya bi bayansa. Baƙi sun koma. An mai da tabarmin aro da manyan tukwane ga masu su, an wanke sababbin rigunan yara an ninke an sa a akwati. Abin da ya rage a tsakar gida sai tulin toka a gefen murhu, iskar hunturu tana ta ɗibarta.

Muna rubuta wannan magana daga ƙasar Gezawa, arewa maso gabas da birnin Kano. A nan masu bin Yesu kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi masu yawa, domin haka biki ya kan zo mana da aiki iri biyu. Waɗansunmu su kan tafi gida, su kwashi mata da 'ya'ya da kaya su nufi tasha, wannan za shi Sumaila ko Tudun Wada, wancan za shi Zariya ko Jos, su komo da ƙura har cikin kunne, aljihu kuwa wayam. Waɗanda suka zauna su ne masu karɓar baƙi. Ɗa ya zo daga birni da iyalinsa, 'ya ta zo daga gidan miji da goyo, ga ƙanen maigida, ga kuma abokin ƙanen maigida wanda ba wanda ya gayyace shi. Bayan wannan sai a cika kwanuka da shinkafa da nama a aiki yara gida gida, gama maƙwabtanmu ba su mantawa da mu ran Salla, ba kuwa daidai ba ne mu manta da su ran namu bikin. Kada kowa ya ji kamar muna kushe waɗannan abubuwa. Zumunta a ƙafa ta ke, karɓar baƙi kuma Littafi Mai Tsarki ya umarce mu da shi. Kwanon nan da ya ke shiga gidan maƙwabci ya kan ba da shaidar da bakinmu ba ya iya bayarwa.

Amma akwai tambaya guda da mu ke so kowane gida ya yi wa kansa cikin wannan wata. Ita ce tambayar da Yusufu da Maryamu suka yi wa juna wani maraice a kan hanyar Nazarat.

Luka ya gaya mana iyayen Yesu su kan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa. Sa'ad da ya ke da shekara 12 suka tafi tare da shi bisa ga al'ada. Idin nan ba na yini ɗaya ba ne, mako guda a ke yi. Mutane su kan zo daga ko'ina, birni ya cika maƙil, ana yanka, ana dafuwa, ana gaisawa da dangin da aka shekara ba a gani ba. Daga Nazarat zuwa Urushalima tafiya ce ta kwana uku ko fiye da ƙafa, mutanen gari ɗaya kuwa su kan haɗu su yi ayari. Da aka gama idi, ayari ya kama hanyar gida. Yaron ya tsaya a Urushalima, iyayensa ba su sani ba. Suka yi tafiyar yini guda cur suna tsammani yana cikin ayari. Sa'an nan suka shiga cigiya wurin dangi da idon sani. Ba shi.

Ku lura da waɗanda abin nan ya sama. Maryamu ce wadda mala'ika ya yi wa magana, da Yusufu wanda Littafi ya kira adali. Ku lura kuma da wurin da abin ya faru. Ba a gidan giya ba ne ko wurin caca. A wurin ibada ne, cikin bikin da Allah da kansa ya umarta. Ba su kori yaron ba, ba su yi masa faɗa ba, tsammani kaɗai suka yi. Wataƙila Yusufu ya ce a ransa yana wajen uwarsa, Maryamu kuma ta ce yana wajen Yusufu ko cikin yara 'yan'uwansa. Luka bai faɗa ba, amma duk wanda ya taɓa zuwa biki da yara ya san yadda irin wannan ke faruwa. Kowa ya dogara ga wani, tafiya kuwa tana daɗi, ana hira, ana ba da labarin abin da aka gano a birni.

Haka ya kan faru da mu. Mun yi bikin haihuwar Yesu. Mun rera waƙoƙi, zumuntar mata sun yi anko, samari sun buga ganga har dare, yara sun yi wasan makiyaya da masanan nan na gabas. To, cikin kwanakin nan goma, sau nawa aka buɗe Littafi Mai Tsarki a gidanmu? Sujadar iyali ta safe da muka saba yi, ran da baƙi suka sauka aka ce a bari sai gobe, sun gaji da hanya. Gobe ta zo aka ce ana jiran mai fiɗa. Jibi aka ce an makara. Ga shi yau sabuwar shekara ta kwana biyu, ba a sake yin ta ba. Maigida yana tsammani uwargida tana yi da yara. Uwargida tana tsammani ai fasto ya yi mana addu'a ran Lahadi, ta ishe mu. Yesu yana cikin ayari, in ji mu.

Yini ɗaya suka yi tafiya ba tare da shi ba, amma sai bayan kwana uku suka same shi. Wurin dangi suka fara nema, dangi kuwa ba su da shi da za su ba su. Sai da suka rabu da ayari, su biyu kaɗai, suka juya baya, kowa yana gangarowa su suna hawa, har suka koma inda suka rabu da shi. Dangi kyautar Allah ne, mun gode masa dominsu. Amma mutum ya kan iya yin kwana goma cikin dangi, ana ci ana sha da sunan Yesu, ya fito ransa a bushe kamar karan dawa.

Kafin mu yi maganar komawa, bari mu yi maganar jiki, gama wanda ya gaji liƙis ba ya iya neman kome. Waɗansu masu bi suna gani kamar hutawa ragonci ne. Ubangijinmu bai gani haka ba. A Markus 6:30-32 manzanni sun komo daga aikin da ya aike su, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba. Shi da kansa ya kira su su keɓe a wurin da ba kowa, su ɗan huta. Gaskiya ce taro ya riga su isa can, hutun ya tsinke, aka koma ciyad da mutum 5,000. Abin da suka samu na hutu sai zaman nan na cikin jirgi. Amma ya kira su, ya kuma san suna bukata.

Ku tuna da annabi Iliya kuma. Babbar ranarsa ita ce ta Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama, jama'a suka fāɗi rubda ciki. Bai jima da wannan ba sai ga shi a guje domin saƙon Yezebel, ya shiga jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Bayan babbar rana ne zuciya ta kan karai. Me Allah ya yi masa? Bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci ya sha, ya sake kwanciya. Aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan wannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, inda Allah ya yi masa magana da murya mai sanyi bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce (1 Sarakuna 19). Idan ka tashi cikin wannan wata ka ji zuciyarka ta yi nauyi, addu'a ba ta fita, kome yara suka yi haushi ya ke ba ka, kada ka yi saurin cewa Shaiɗan ne. Wataƙila barci ne bai ishe ka ba. Jiki magayi.

Yanzu za mu yi magana da maza, kada su ji haushi. Wa ya fi kowa gajiya a bikin nan? Mun san wata uwa a cikinmu, ba za mu faɗi sunanta ba. Ran Kirsimati tun ƙarfe 4 na asuba ta hura wuta. Tun kwana uku kafin ranar tana surfe, tana niƙa, tana suya, tana ɗaukar ruwa. Mijinta ya sa babbar riga ya tafi sujada da baƙi. Ita kuwa ta iso ana addu'ar rufewa, ta tsaya a bakin ƙofa. Da maraice wani saurayi ya je gaishe ta, ya ce, "Mama, yaya kika ji wa'azin bana?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, shekara bakwai ke nan rabona da jin wa'azin Kirsimati. Ni hayaƙi na ke sha." Ta faɗa da wasa, amma mu da muka ji ba mu iya yin dariya ba.

Mun iya wa'azi a kan Marta. Mu kan ce ta damu da hidima mai yawa, 'yar'uwarta ta zaɓi rabo mai kyau da ta zauna tana sauraron Ubangiji (Luka 10:38-42). Gaskiya ne. Amma mu masu wa'azin mu ne masu cin tuwon Marta, in kuwa ya makara mu ne masu ɓata fuska. Dokar Asabar a Fitowa 23:12 ba domin maigida kaɗai aka ba da ita ba. An ba da ita domin sā da jaki su huta, bawa da baƙo kuma su sarara. In Allah ya kula da jakin gida, ai ba zai ƙyale matar gida ba. Ba shi da amfani mu ce mata ta huta alhali tulu ba ruwa, itace ya ƙare, yara shida suna jiran abinci. Hutunta yana hannun maigida da samarin gida. Ɗan da ya ɗauki jarka ya tafi rijiya da kansa ran Asabar da yamma, domin uwarsa ta zauna a sujada ran Lahadi tun daga farko har ƙarshe, ya yi aikin bishara.

Wani zai ce, "Malam, wannan maganar hutu ta masu albashi ce. Mu talakawa ina muka ga hutu? Noma ya ƙare, ga cin rani, ga dako, ga kiwo, ga kuɗin makaranta." Mun ji, gaskiyarka. Bari mu fita bayan gari mu dubi gonakinmu, gama su ma ba su da hutu.

A cikin Attaura Allah ya umarci Isra'ila su nomi ƙasa shekara shida, a ta bakwai su bar ta ta huta (Firistoci 25). A ƙasar Gezawa wa zai iya wannan? Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 280,000 a wannan ƙaramar hukuma, ƙasar kuwa wajen murabba'in kilomita 340 ce. Gona ta haɗu da gona tun daga Jogana har Tumbau, da wuya ka ga saura. Wanda ya ke da 'yar gona ɗaya ko biyu, in ya bar ta shekara guda, me iyalinsa za su ci? Kakanni sun nome ta, iyaye sun nome ta, kowace damina ba fashi, amma ba ta mutu ba. Wannan abu ya ba masana mamaki. Wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, a shekarun 1990 kuma masu bincike suka yi aiki a Tumbau suna auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Abin da suka rubuta, kowane manomi a nan ya riga ya san shi. Da kaka ba a zubad da kome. Harawar gyaɗa da ta wake a ɗaure a ɗora bisa, karmami a adana, a ciyad da awaki da tumaki. Kashinsu, da tokar murhu, da sharar gida, a tara wuri guda. Da rani a ɗora wa jaki a mangala, ko a zuba a amalanke, a kai gona a jibge tsibi tsibi, kafin ruwa ya sauka a baza. Wake da gyaɗa da a ke shukawa tsakanin gero da dawa su ma suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Har ƙurar hunturun nan da mu ke ƙi tana zuba wa gona wani abu.

Yawancinmu rayuwarmu irin gonar nan ce. Ba za mu sami wata guda mu tafi wani wuri mu huta ba. Abin da za mu iya shi ne mangala, kaɗan kaɗan, kullum. Ranar Ubangiji mangala ce, wadda ya ba mu kowane mako, Fitowa 34:21 kuwa ta ce ko lokacin huɗa ko lokacin girbi ba a ɗauke ta ba. Minti 15 da asuba, kafin a kunna rediyo, kafin a taɓa waya, ita ma mangala ce. Manomin da ya ce ba shi da lokacin kai taki da rani domin yana da hidima, mun san abin da zai girba. Shekarar farko ba za a gane ba sosai. Shekara ta uku sai ka ga gero ya tsaya iya gwiwa, ƙuduji ya rufe gona. Ba wanda ya ke barin bangaskiya rana ɗaya. Ana ɗiba ne kullum ba a mayarwa.

Tokar nan ta biki da muka ambata a farko, mai hankali ba ya barin iska ta kwashe ta, gona ya ke kai ta. Haka abubuwan da biki ya bar mana. Ka ga tsohuwarka ta rame fiye da bara. Ka ga ɗanka da ya zo daga birni ya daina rufe ido lokacin addu'ar abinci, yana duban waya. Ka ga kujerar wani a sujada ba kowa, bara yana nan, bana yana kabari. Ka ga jikanka na fari. An ce game da Maryamu har sau biyu a sura ta 2 ta Luka, tana adana al'amura a zuciyarta. Makiyaya suka zo suka ba da labari suka koma wurin tumakinsu, masu ji suka yi mamaki suka watse, ita kuwa ta riƙe, tana tunani a kai. Mu kan ga abubuwa da yawa lokacin biki, sai dai ba mu zama mu juya su a gaban Allah, har su bi iska.

Ayuba ya san wannan aiki. 'Ya'yansa maza bakwai su kan yi biki bi da bi a gidajensu, su kira 'yan'uwansu mata uku. Bai hana su ba. Amma in kwanakin biki sun kewayo sun ƙare, ya kan aika a kira su ya tsarkake su, ya tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin kowane ɗayansu, yana tsoro ko wani ya yi wa Allah saɓo a zuciyarsa (Ayuba 1:4-5). Mu ba mu miƙa hadayar ƙonawa, gama Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya domin duka. Amma tashin sassafen nan da kiran 'ya'ya ɗaya ɗaya a gaban Allah yana nan a wuyan kowane uba. Kada ka ce, "Ubangiji ka albarkaci iyalina," ka tashi. Kira sunayensu. Wanda ke Legas, wadda ke gidan miji, wanda ya ƙi zuwa bana domin maganar gado, faɗi abin da idonka ya gani a kansu.

Maganar gadon nan ma kada mu tsallake ta. Inda dangi suka taru, gona kuwa ba ta da yawa, da wuya a watse ba a taɓa tsohon miki ba. An yi maganar iyaka, an yi maganar wanda ya sai da rabonsa, an yi maganar wanda ba ya aiko da kome. Wata kalma ta fita wadda ba ta kamata ba, mota ta tashi ba a yi sallama da kyau ba. Ɗan'uwa, ba za ka huta ba muddin kalman nan tana kwance a ƙirjinka, ko ka yi barci kwana bakwai. Ubangiji ya koya mana, wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna (Matta 5:23-24). Dā sai an yi tafiya ko an aika da wasiƙa. Yau waya tana aljihunka. Ko kai ne babba, kira shi ka ce, "Ƙanena, abin da na faɗa ran nan bai dace ba, ka yafe mini." Kada ka jira Kirsimati mai zuwa, ba ka sani ba ko za ku gan shi ku biyu.

Sai maganar da ba mu so mu yi, amma dole. Akwai waɗanda abin da ya hana su barci cikin wannan wata bashi ne. An buɗe rumbu da kaka, lokacin da hatsi ya ke araha, an sai da dawa domin atamfa da kuɗin tela. Yawancin shekaru dawan nan za a saye ta da tsada in bazara ta yi. Wani har harawar dabbobinsa ya sayar. Kuɗin mota kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, ya hau ƙwarai, mai iyali biyar da ya je gida ya dawo ya san abin da ya kashe. Ga makaranta za ta buɗe. Mutane su kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ba ya sa mai bashi ya yi barci.

Bari mu tuna wa juna, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuwa umarce mu da sabon ɗinki ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin ran 25 ga Disamba na birnin Roma ne, na shekara ta 336, 'yan'uwanmu na Habasha da Masar kuma ran 7 ga Janairu su ke yin nasu. Biki abu ne mai kyau da ekklesiya ta shirya domin tunawa, ba gasa ba ce. Ku dubi iyalin da mu ke yin bikin dominsu. Da kwana 40 suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali. Shari'a ta ce a kawo ɗan rago, wanda ba shi da hali kuwa ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabarai biyu (Firistoci 12:8). Tsuntsaye suka kawo. Ba su ci bashin rago domin kada a raina su ba, ga shi kuwa Ɗan Allah ne a hannunsu. Abin da ya wuce ya wuce. Amma ka zauna da matarka ku ƙidaya damin da ya rage, ku san watan da zai kai ku. Ka tafi wurin wanda ya ke binka tun bai zo ba, ka gaya masa gaskiya, ka sa rana wadda za ka iya cikawa. Idan maƙwabcinka Musulmi ne ya ba ka rance, ka sani yadda ka biya shi zai fi kwanon shinkafar nan yin magana. In kuna so ku yi biki baɗi ba bashi, ku fara adashi tun yanzu.

Dattawan ekklesiya, akwai kalma guda dominku. Kun san gawo, har ɗaya daga cikin mazaɓun Gezawa sunanta ke nan. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi ya kan kaɗe ganyensa, da rani kuwa ya tofo ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyad da awaki. Fasto da mai bishara da matansu haka su ke. Lokacin da kowa ya ke hutawa, ran Lahadi da ranakun biki, su ne a tsaye. Tun farkon Disamba ba su zauna ba, ga wa'azi, ga ɗaurin aure, ga sujadar daren 31, ga makon addu'a na farkon shekara. Kunya ba za ta bar su su roƙi hutu ba. Ku ne za ku ce, "Baba Fasto, Lahadi mai zuwa ɗayanmu zai yi wa'azi, kai ka zauna ka ji."

Maƙwabtanmu da yawa, in ƙaramar Salla ta wuce, su kan ƙara azumin kwana shida. Ba mu ce ku kwaikwayi kowa ba, ba mu kuwa sa muku doka, gama ceto kyauta ne, hutun da Yesu ya yi wa masu gajiya da masu nauyin kaya alkawari (Matta 11:28-30) ba da aiki a ke sayensa ba. Amma abin kunya ne a ce bayan namu bikin abin da a ke gani shi ne kujeru wofi a Lahadin farko na shekara.

A Haikali suka same shi, yana zaune a tsakiyar malamai, yana saurarensu yana yi musu tambayoyi. Uwarsa ta gaya masa irin damuwar da suka sha. Ya nuna mata da sun san inda za su same shi tun farko, watau a wurin Ubansa. Ba su gane ba a lokacin. Duk da haka ya tashi ya bi su gida, ya yi musu biyayya. Daga nan har wajen shekara 18 ba mu ji labarin wani biki ba, sai Nazarat, da aikin sassaƙa, da ɗaukar ruwa, da kwanakin da wannan ya yi kama da wancan, kamar kwanakin ranin da ke gabanmu.

Ga abin da muka shirya yi a gidajenmu, muna kuwa gayyatar masu karatu su yi tare da mu. Bishara ta hannun Luka sura 24 ce. Wanda ya fara ran 10 ga Janairu, yana karanta sura ɗaya kowace safiya, zai gama ran 2 ga Fabrairu, ranar da ta cika kwana 40 daga Kirsimati. Wanda wannan takarda ta iske shi a makare, ya fara ran da ta iske shi. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, ba mu da hujja. A tara iyali kafin a kwance dabbobi, uwargida ma ta bar murhu ta zo ta zauna, kunu ya jira. Wanda bai iya karatu ba ya kira ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, in safiya ba ta yiwu ba, da maraice bayan an ci tuwo.